Ƙuri'ar da Muka Soke

Ni ne magatakarda a ran nan,
biro na tara, lakwal ɗin Bagalam.
Ajin da nake koyar da lissafi ran Litinin
shi muka share ran Lahadi, muka jingine bencina,
muka rataya zanen matar maigadi a kusurwa
don kowa ya ɓuya, daga shi sai zuciyarsa.

Tun asuba layi ya kai gindin bedi.
Masu alamar tsani sun raba sabulu da dare,
masu alamar tulu sun ba mata uku turmi ɗaya,
ƴan kabu-kabu sun sha mai a hannu biyu,
suna sauke tsofaffi, ba su tambayar na wane ne.

Alhaji Nomau ya iso da hantsi, shadda tana ƙara,
ya tsoma yatsa a tawada
kamar mai ɗanɗana miyar gidan wani.
Lawali tela ya zo a ƙasa,
da guntun zare maƙale a hula.
Suka gaisa har da tambayar gida.
Uwayensu nono ɗaya suka sha.

Da magariba aka ɗauke wuta, kamar an yi shawara.
Muka kunna fitilar ƙwai da tocilan ɗin jandarma,
muka juye akwati a tebur.
Ina jan alli, huɗu tsaye, ɗaya gicciye,
har allo ya koma darni.
Tsani. Tulu. Tsani. Tsani. Tulu.
Wakilai na bin bakin shugaba da ido
kamar kaji a gefen masussuka.

Sai ga wata ambulan mai kauri.
Ba tsani a ciki, ba tulu.
Tikitin kasuwa ne, na dala ashirin-ashirin,
guda goma sha ɗaya, an ɗinke da zaren buhu,
suna ƙamshin man gyaɗa.
A bayan na ƙarshe, da ajami, hannu na rawa:
Na biya. Ina magudana?

Aka kwashe da dariya, har jandarma.
Shugaba ya ce, lalatacciya.
Na rubuta: lalatacciya, ɗaya.
Doka ta ce a haɗa ta da rahoto.
Allah Ya yafe mini, aljihuna ta shiga.

Ban san hannun ba.
Amma na san gangaren da ruwan Agusta ke bi
daga tudu, yana neman gulbi ta cikin ɗakunan mutane.
Gida arba'in ne a layin.
Na san kuma wadda ke soya ƙuli-ƙuli a cikinsu.

Nomau ya haye, ya zama kwanseye.
Shekarar farko aka kafa fitila a ƙofar gidansa.
Ta biyu injiniya ya zo da igiyar awo,
ya kafa turaku ja, ya sha fura, ya koma.
Awaki sun gode, sun samu wurin ɗauri.
Lawali bai bar bakin kekensa ba;
hotunansa da suka rage, masu tsire suka saye,
na taɓa cin nama a kan goshinsa.

An sake zaɓe, an sake alamu.
Ni dai ban sake karɓar alƙalamin ba.

Bara da damina muka kai Kuluwa.
Ba wata cuta, shekaru ne.
Muka naɗe wanduna har gwiwa,
muka ɗaga makara sama da kawunanmu
don kada ruwa ya taɓa likkafani.
Nomau na gaba, ya riƙe takalma a hannu,
Lawali na baya, yana cewa a bi a hankali, akwai rami.

Tikitin suna cikin littafin lissafina, shafin ragewa.
Ƙamshin ya tafi.
Idan rana ta bugi allo daga yamma
nakan ga sauran darnin nan a ƙarƙashin baƙin fenti,
sai in ce wa yara su sake ƙirga,
akwai ɗaya da ba mu sa ba.