Tarin Baba a Mashigin Istanbul

Albashi ya shigo ran Laraba.
Kafin la'asar haya ta ci nata, kuɗin wuta ya lashe,
saura lira ɗari huɗu, na ninke su biyu,
na sauka a Eminonu hannuna dafe da aljihu.

Ni mai shayi ne a jirgin ruwan Uskudar.
Sau goma sha shida nake ƙetarawa a yini,
tire a hannu, inji a ƙarƙashin ƙafa
yana gurnani kamar na ci masa bashi.
Ko na kwanta, ba ya kwana.

'Yar na'urar kiɗana ba ta fi kwalin ashana ba.
Ƙanwata Nedret ce ta juye min tsohon kaset a ciki:
waƙa tara, Baba da molonsa mai dogon wuya,
an ɗauka a kicin, shekarar da ƙanƙara ta kai gwiwa.
Iyafis ɗina na da, kunnen hagu ya mutu tun bazara,
na dama sai an karkata wayar, ana lallashi
kamar yaron da ya ƙi magani.

Shagon Feridun na hawa na biyu, can ƙuryar lungu.
Bai tambayi me nake so ba, ya ce, “Nawa ka riƙo?”
Na faɗa. Ya tsotsi haƙori,
ya zube min guda uku a kan gilashi.

Ja na fara sawa.
Wannan ɗan dambe ne, ƙirji yake nema,
ya mayar da molon Baba gangar biki.
Na cire.
Farin kuwa tsini gare shi,
kowace tsirkiya allura ce,
waƙa ɗaya na ji, kunnena ya nemi hutu.

Akwai wani a cikin kabad, an shimfiɗa masa ƙyalle,
lira dubu uku, yana sheƙi.
“Ɗanɗana mana, ji ai kyauta ne.”
Na ce a'a, Feridun.
Kunnen da ya lashi zuma
ba zai yafe wa aljihu ba.

Saura na ukun, ruwan toka, ko kwali ba shi da,
wayarsa siririya, suna ma ya goge.
An ce araha ba ta ado. To, ni ba ado na zo saye ba.
Feridun ya ciro 'yan robobi kala uku,
ya leƙa kunnena kamar tela mai awo,
ya ce, “Matsakaici. In bai toshe ba, asara ka yi,
rabin daɗin a robar yake.”
Bai daki ƙirji ba, bai soke ni ba,
ya dai tsaya gefe ya bar Baba ya yi magana.
Ɗari uku da tamanin. Ashirin ta koma gida.

A jirgin ƙarfe tara, fasinja sun yi ƙaranci,
na jingina da tukunyar shayi, na tura su ciki.
Injin ya ja da baya, ya koma maƙwabci.

Tsakanin waƙa ta huɗu da ta biyar
akwai wurin da na ɗauka shiru ne, shekara da shekaru.
Ashe Baba ya yi tari, sau biyu.
Ashe cokali na kewaya kofi.
Can nesa, bayan ƙarar murhu,
Inna Sabahat ta ce, “Remzi, rufe tagar nan.”

Na waiwaya.
Tagar jirgi ce, da ruwa baƙi, da fitilun Uskudar,
da wani dattijo yana ɗaga min yatsa,
ban san tun yaushe yake neman shayi ba.