Alewar Tari

Kulu ta tafi Wurno zaman jego,
ƙanwarta ta sauka, tagwaye ne.
Ta bar mini gida da yara uku
da tukunya mai kunne ɗaya.

Ran Talata ruwa ya sauka a Runjin Sambo
kamar da bakin ƙwarya.
Modi da Jabbi suka tuɓe riguna
suka yi tsaye ƙarƙashin indararo.
Luba ba ta shiga ba,
riƙon takalma kawai ta yi musu,
amma ita tari ya fara yi wa sallama.

Kafin dare ya raba ɗaki ya koma maƙera,
wannan ya buga, wancan ya amsa.
Ina kwance ina ƙirga
har ƙirgen ya ɓace mini.

Da safe na kira ta.
"Lahiya dai?" in ji ta, jinjiri na tsala kuka a bayanta.
Na faɗa mata. Ta yi tsaki, ta yi dariya:
"Duba bayan buhun gero, akwai zuma a kwalba.
Citta kamar babban yatsanka,
kanumfari bakwai, masoro ɗan tsunkule,
lemun tsami biyu, mazarƙwaila curi guda.
Kada ka ba wuta baya.
In ya kwana uku bai sake su ba,
asibiti, ban da taurin kai."

Na je Tsohuwar Kasuwa na dawo
da ƙullin leda da ƙarfin hali.
Na daka citta har ta rama a idona.
Na tace, na ɗora, na zuba zuma,
ƙamshi ya tashi ya haura katanga.

Sai aka yi sallama a zaure.
Gaisuwa ce kawai, na rantse:
ina gida, ina yara, ina ruwa, ya muka ji da tsadar taki.
Ko da na dawo
abin da ke tukunya ya zama kwalta,
muciya ta kafe a ciki kamar turken jaki.
Luba ta dube ni, ba ta ce komai ba.
Idon uwarta ne sak.

Karo na biyu na ari tukunyar maƙwabta,
na zauna a kan turmi, ban motsa ba.
Na ga kumfa manya sun koma ƙanana,
ruwan ya yi duhu, ya yi nauyi,
yana bin muciya kamar mai bin bashi.
Na ɗiga ɗigo ɗaya a kwanon ruwan randa.
Ya narke. Na jira.
Na sake. Ya yi danƙo. Na jira.
Na uku ya taɓa gindin kwano ya ce ƙas!

Na shafe faranti da man gyaɗa
na bi shi da cokali, ɗis, ɗis.
Nata kan fito kamar maɓallan riga.
Nawa kuwa, wata ƙafar agwagwa,
wata kunnen ɓera,
wata ban san me Allah ya halitta haka ba.

Modi ya tsotsa ya ce da yaji.
Jabbi ya tauna tasa tun kafin in hana.
Luba ta ajiye tata a kunci
ta yi barci da ita, maƙogwaro shiru.

Malam Cika ladan, muryarsa ta dushe da asuba,
na aika masa biyar a takarda.
Da la'asar kiransa ya tsallake titi.
Ko alewar ce, ko ikon Allah, ban yi musu da kowa ba.

Yau kwana huɗu, tari ya yi ƙaura.
Sai Jabbi, da ya hangi gwangwanin a kan taga
ya dafe ƙirji, ya yi ƙoho-ƙoho,
yana satar kallona da gefen ido.

Na ware uku mafi muni na adana wa Kulu.
Tukunyarta tana bayan randa, a jiƙe,
muciyar har yanzu tsaye take.
Jibi za ta dawo.