Masu Riƙon Saƙo

Ƙarfe biyun rana, an ɗauke wuta,
janareton ɗakin gwaji sai tari yake.
Ganyen tumatirin da na tsinko a Dadin Kowa
na niƙe shi cikin sanyi,
ina farautar abin da ido bai san kamarsa ba.

A kowane ɗaki na ganyen nan akwai kundi
da ba ya leƙa ko bakin ƙofa.
Sai dai a kwafo layi guda, siriri,
a ce: je ka faɗa a gina kaza.
RNA muke ce masa.
Ba ƙafa, ba fata,
gumin yatsana ma ya isa ya cinye shi.

To wa ke riƙe shi?

Wasu furotin ne da ba a kiran sunansu.
Wannan ya tsince surutu daga tsakiyar magana,
wancan ya dafe wutsiya kada a gutsura,
wani ya raka shi har inda ake jira.
In zafi ya kai intaha,
su tattara saƙonni wuri ɗaya, su zauna a kai
sai gari ya huce.

Na san aikin nan tun ban san madubin gwaji ba.
Babana, Manu Kwairanga,
shekara talatin da ɗaya kan benci a Tashar Dukku:
ƙullin daddawa, kuɗin makaranta a ambulan,
maganin hawan jinin wata tsohuwa a Darazo.
Bai rubuta ko ɗaya ba, bai buɗe ko ɗaya ba.
Ya dai san direban da zai kai
da wanda zai mance a but.
Daren da ruwa ya yanke hanya
ya cusa kayan mutane ƙarƙashin benci,
ya kwana a kai, mu muna gida muna jiran tuwo.

Jiya yana jiƙa goro ya ce,
"Wai ke me kike yi a can ne?"
Na ce, "Baba, 'yan'uwanka na samu cikin ganye."
Ya saurara har na gama.
Ya ce, "Su ma ba a gode musu ko?"
Ya ɓare goron, ya miƙo mini rabi.

Wuta ta dawo.
Na sa safar hannu, na ɗauki kwalbar a hankali,
yadda yake karɓar ƙwai.