Lissafi a Bayan Kwali

A bayan kwalin sukari na tsara shekara,
Nomau na riƙe da fitila a gaɓar Gamkalle.
In jan ruwa ya lafa mu fara horo,
da asuba, kafin masu wanki su kame dutse.

Tsere huɗu: Sayi, Bubon, Ayoru,
na ƙarshe a gida, ƙarƙashin gada,
inda surukina zai tsaya ya ga ko na iya.

Buhu goma sha biyu muka farke,
Gambo tela ya ɗinka mana zanen iska.
Ya ce jaka uku. Na ce sai bayan Sayi.
Ya yi dariya, bai ajiye allura ba.

Kuɗin motar kai jirgi Ayoru
ya fi jirgin kansa.
Nomau ya ce mu tuƙa da hannu,
mu gaida dorina a hanya.
Na soke, na sake rubutawa.

Iska dai ba ta san Asabar ba.
Bara mun kafe tsakiyar kogi, zane a yaushe,
yara a gaɓa na tambayar nawa kifi.

Duk da haka na ja layi.
Gobe, kiran sallar farko,
kafaɗa da igiya.