Matar Kan Allo

A mahaɗar Aboabo, inda tirotiro ke zubar da mutane,
aka kafa ta, shekarar da na cika sha shida.
Fuskarta kaɗai ta kai tsayin bene.
Ba ta gumi. Ba ta ƙifta ido.
Ranar Kumasi na gasa mu, ita tana murmushi,
kwalbar mai a tafin hannunta.

A ƙarƙashinta muke, ni da Inna,
da tukunyar koko, da kaskon ƙosai, da benci mai ɗingishi.
Da sassafe in ɗaga kai in dube ta,
in sunkuya in ga kaina a murfin tukunya:
hanci a baje, goshi kamar gindin kasko.

Da dare sai ta biyo ni gida.
Tana cikin talabijin ɗin mai shago,
tana karanta labarai, tana auren mai kuɗi a fim.
Tana cikin wayar Fusaina da suna ɗari,
ƙugu ɗaya, hanci ɗaya, fata kamar cikin gwanda.
Masu kama da ni ma sukan fito,
su ne ke shara a bayanta,
su ne hoton da ake nunawa kafin a shafa man.

Sidi bibbiyu na riƙa ɓoyewa a gwangwanin madara.
Da ya cika na tafi Kejetia na sayo kwalbar,
na shafa da bisimilla kamar magani.
Kumatu suka yi ja, wuya ya yi dabbare-dabbare,
gaɓoɓin yatsu suka tsaya baƙi ƙirin
kamar 'yan hayar da suka ƙi tashi.
Na koyi miƙa canji tafin hannu a sama.
Inna ta gani, ba ta tanka ba,
sai dai na tarar da man kaɗanya a kan tabarmata.

Ruwan farko na wata shekara,
iskar da ta kwashe kwanon makaranta
ta yago ta daga jikin ƙarfe.
Kafin hantsi samari sun yanka ta da reza, suna sayarwa yadi-yadi.
Inna ta taya, ta sake tayawa,
ta samu rabin fuska a sidi talatin:
ido ɗaya, kunci, da gefen leɓe.
Muka ɗaure ta a kan sanda huɗu, ta zama rufin rumfa.

Ranar na fara ganin ta kusa.
Ashe ɗigo-ɗigo ce, ja da shuɗi da rawaya,
a jere kamar gero a faifai.
Babu ƙofar gashi, babu tabon ƙuruciya,
babu inda sauro ya taɓa sauka.
Na sa yatsa a kuncin da na shekara uku ina roƙo.
Leda ce, mai warin rana.

Sai na tuna akwai wata yarinya can wani gari
da aka zaunar gaban kyamara, aka biya ta, ta tafi,
aka goge mata fuska a bayan idonta.
Ko ita ma ta taɓa bi ta ƙarƙashin allon,
ta ɗaga kai, ta ji ba ta kai ba?

Damina biyu ke nan.
Hayaƙin ƙosai ya yi aikinsa ba gaggawa,
yanzu ta fi ni baƙi, ta fi Inna.
Ruwa na zuba ta wata huda a ƙasan idonta,
mukan tara bokiti mu wanke kofuna.
Inna kan ce, "Baiwar Allah, sai yanzu ta samu abin yi."

Sun kafa sabuwa a kan ƙarfen, ta fi waccan haske.
Ba zan yi ƙarya ba, nakan ɗaga kai wani lokaci.
Jiya ƙanwata Sakina ta tsaya da tire a ka,
baki a buɗe, tana kallon sama har koko ya huce.
Na ƙwala mata kira.
Na ce igiyar rufin nan ta kwance,
zo ki riƙe min gefen kuncin,
riƙe da kyau, da hannu biyu.