Mudun Kowane Gari

A Kasala, bayan sallar isha'i,
duwatsun Taka sun koma inuwa,
ni kaɗai da kwamfuta uku a ɗakin magani,
ga jabana ta huce a kan faranti.

Dukkansu kyauta ce, kowacce da halinta.
Ta bakin taga Linuks take ji.
Ta tsakiya Windos ce, tsohuwa mai tari.
Ƙaramar Mak, wani likita ya bar ta
ranar da ya tafi Jidda, har yau shiru.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba:
rumbun bayanai guda, ya zauna cikin ukun,
sunan majinyaci, maganinsa, ranar dawowa,
don kada Hajja Kubura ta sake haɗiyar
ƙwayar hawan jini ta mutum biyu.

A ta farko na harhaɗa, ya tashi sumul
kamar kunu a hannun wadda ta saba damu.
Na miƙe ina miƙa, wai na gama.

Windos ta dube ni sheƙeƙe.
Ta ce fayil ɗin da na kira a layin farko
ba a haife shi a garinsu ba.
Sandar da ke raba hanya, can dama ta jingina,
nan sai ta jingina hagu.
Ƙarshen layi, can alama ɗaya ta isa,
nan sai biyu, kamar mai sallama
da ba ya tafiya sai ya waiwayo.
Jajayen kurakurai ɗari da goma sha bakwai.
Na ƙirga. Ban san dalilin ƙirgawar ba.

Wadda ta fi ci mini rai ba ta yi ja ba.
Doguwar lamba, awo takwas a Linuks,
a Windos huɗu, suna kuwa ɗaya.
Na zuba mudun Gadarif a mudun Kasala,
ya zube ba ƙara, ba gargaɗi,
sai ga jaririn jiya da shekara saba'in.

Mak kuma mai fara'a, mai ladabi,
Magani da magani duk ɗaya ne a wurinta,
Linuks ta rantse mutum biyu ne,
ba su ma taɓa gaisawa ba.

Sai wuta ta ɗauke.

Baba Mudassir mai gadi ya shigo da fitila,
ya ja benci, ya ce me ya hana ni barci.
Na faɗa masa iyakar abin da zai faɗu.
Ya daɗe yana sosa gemu.
Ya ce kakansa daga Gumel ya taso a ƙafa,
Makka ya nufa, Kasala ta riƙe shi.
Shekara tara a hanya, tsaba ɗaya a ƙunshi,
kowace kasuwa da irin awonta.
Bai tsaya musu da mai awo ba,
yakan fara tambaya: a nan, nawa ne mudu?
Ya ce, 'yar nan, kaya ɗaya ne,
gammo ake sakewa.
Ya ɗauki jabanata ya shanye, ya fita.

Ƙarfe uku wuta ta dawo.
Na daina kiran lamba da laƙabi,
na rubuta awonta ƙarara, sittin da huɗu.
Na kafa mararraba a bakin kowace ƙofa:
in kina nan, bi ta nan,
in kina can, ga taki hanyar.
Rubutun ya yi muni, duk faci,
kamar rigar da ta ratsa ƙasa biyar.

Da kiran assalatu biyu sun amsa.
Mak na nan da gargaɗi ɗaya rawaya
wanda ban gane ba, na bar shi sai gobe.
Ta taga na hango Hajja Kubura,
ta riga kowa zama, kati a hannu.
Na buga sunanta. Sau ɗaya ya fito.