Babu Matsala

Ni ne mai riƙe biro a taron Litinin,
a kamfanin matsar man gyaɗa da ke bayan Tashar Dukku.
Shekara huɗu ina rubuta kalma biyu:
babu matsala.
Littafi uku na cika da su,
har hannuna ya iya zana su ba da sanina ba.

Manaja Jungudo zai shigo, ba ya zama,
ya jefa makullin mota kan tebur,
ya dubi agogo kafin ya dube mu,
ya ce, "Akwai mai magana?"
Fanka ce ke amsa masa daga sama.
Mu goma sha ɗaya, kowa na karatun takalminsa.

Amma bari a tashi.
Gindin darbejiya, teburin mai shayi,
nan harsuna ke tsinke igiya.
Wanda ya yi gum ɗazu shi ne limamin zance,
a yanka manaja, a feɗe, a kasa,
kowa ya tafi gida da rabonsa a baki.

Sai ga makon da mai ya fito da wari,
jarka tamanin aka dawo mana da su daga Kumo.
Ido duk ya koma kan Baba Hammari,
wanda ya shekara ashirin yana sauraron numfashin injin nan
kamar uwa da jaririnta.
Aka ce tsufa ne. Aka ce bai wanke tukunyar suya ba.
Ya cire hularsa yana duban cikinta,
kamar amsar na ɓoye a ɗinkin.

Ni kuwa na san dawan garin.
Buhu talatin na karɓa daren Alhamis,
gyaɗar surukina ce daga Bajoga.
Na cusa hannu, na ji danshi har wuyan hannu,
na ce rana za ta gyara,
na sa hannu a takarda, na kulle sito.
Rana ba ta shiga sito.

Biro ya tsaya a kan "babu".
Maƙogwarona ya bushe kamar ƙuliƙulin bara.
"Ranka ya daɗe," na ji wani ya ce,
ashe ni ne.

Na zazzage duka, har sunan surukin,
ban tsaya shafa wa maganar mai ba.
Shiru ya sauko, ba irin na kullum ba,
wannan mai ciki ne, kamar hadarin Agusta.

Jungudo ya ɗauki makullinsa ya sa a aljihu.
Ya ce rabin albashina ya tafi, wata biyu.
Sannan ya ja kujera
ya zauna.

Lamela mai lissafi ta gyara murya:
sikeli na cin mudu guda a kowane buhu tun farkon damina.
Adda Dudu, uwar masu tsintar gyaɗa, ta ce
ƙura na cinye ƙirjin matanta,
ta faɗa wa mai shayi ya fi sau goma,
amma mai shayi ba ya sayen takunkumi.
Baba Hammari ya maida hularsa ka:
"Belin injin nan saura ƙiris ya tsinke.
Kuma kai, manaja, in mutum na magana, wayarka kake kallo."
Wani ya ƙyalƙyale, ya haɗiye sauran.

Aka kira azahar muna ciki.
Shafi bakwai na rubuta, yatsuna na zogi.

Surukina har yau ba ya amsa gaisuwata,
mai ɗakina ta kwana uku tana dire min tuwo ba ko sannu.
Sikelin ma ba a gyara ba tukuna.
Amma jiya na bi ta gindin darbejiya,
na tarar ana gardamar ƙwallo da tsadar taki,
mai shayi na ta mita wai ciniki ya ja baya,
tunda muka koma shan zancenmu da zafinsa
a ɗakin da aka dafa shi.